Marigayi Alhassan Ɗantata: Yadda Ya Sha Gaban Fatake Da Turawa

An haifi Alhassan a Bebeji ta ƙasar Kano cikin 1877, a gidan fataken Agalawa. Mahaifinsa ya rasu yana ƙarami, mahaifiyarsa kuma ta koma Ankara da zama, ta bar shi a hannun wata tsohuwa mai suna Tata. Daga nan ne ya sami sunan Ɗantata.

Ya tashi cikin fataucin goro. A zamanin nan fataken Kano su kan bi ayari da jakuna zuwa Gwanja, su yi watanni a hanya, ga kuɗin fito, ga 'yan fashi, goro kuwa ba ya son jinkiri. Madugai sun fi shi jari, sun fi shi jama'a, amma ya lura tafiyar ƙasa ita ce raunin cinikinsu. Wajen 1906 sai ya fara ɗora kayansa a jirgin ruwa tsakanin Ankara da Ikko, yana cikin 'yan Arewa na farko da suka yi haka. Da hanyar jirgin ƙasa ta Ikko ta haɗu da ta Baro a Minna cikin 1912, sai ga hanya ta miƙe har Kano. Kafin ayari ya juyo sau ɗaya, shi ya sayar ya koma sari.

Jirgin nan kuma shi ya buɗe cinikin gyaɗa. Kamfanonin Turawa suna da kuɗi da jiragen ruwa, amma ba su san manomi ba, ba su jin harshensa, sai dai su zauna kusa da tasha suna jiran a kawo musu. Alhassan kuwa yana da yara a ƙauyuka, ya kan ba su kuɗi tun kafin kaka, ya haƙura har su biya. Turawan da kansu suka nemi ya riƙa saya musu. A 1918 ya zama wakilin kamfanin Neja, wanda daga baya ya narke cikin U.A.C., buhunansa kuwa suka yi ta hawa dala.

An ce cikin 1929 raƙuma 20 suka kai masa kuɗin azurfarsa ajiya a Bankin Ingila na Afirka ta Yamma reshen Kano. Ya rasu a Kano ran 17 ga Agusta, 1955, aka binne shi a gidansa na unguwar Sarari.