Pierre Bézier: Injiniyan Motocin da Sunansa Ke Cikin CorelDRAW

Duk wanda ya taɓa zama gaban CorelDRAW don haɗa fostar zaɓen ƙungiyar ɗalibai ko katin ɗaurin aure ya ci karo da wani alƙalamin zane da aka rubuta wa Bezier. Da yawanmu mun ɗauka wata kalmar Turanci ce da ta wuce mu a sakandare. To sunan mutum ne, Bafaranshe, kuma Beziye ake faɗinsa. Injiniya ne da ya yi shekara 42 a kamfanin motoci na Renault, ya kuma yi shekara 11 yana koyar da ma'aikata a wata makarantar fasaha. Wannan zirga-zirga tsakanin masana'anta da aji ita ce ta sa na ga ya dace mu san shi, mu da ake shirya mu don masana'anta.

An haifi Pierre Bézier a birnin Paris ranar 1 ga Satumba, 1910. Ya yi karatun injiniyan kanikanci a makarantar Arts et Métiers, ya gama a 1930, sannan ya ƙara shekara ɗaya a makarantar lantarki ta Supélec, ya fito a 1931. Arts et Métiers ɗin nan 'yar uwarmu ce ta wani fannin. Tun kafuwarta a 1780 an san ta da haɗa allo da wokshop, ɗalibi ya yi lissafi kuma ya riƙe zarto da guduma. A ƙasar da manyan muƙamai suka fi zuwa hannun waɗanda suka fito daga makarantun lissafi zalla, irin su Bézier mutanen ƙarfe da baƙin mai ne. Mai HND ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a kan wannan.

A 1933 ya shiga Renault yana ɗan shekara 23, kuma daga ƙasa ya fara, yana saita kayan aiki a kan injuna. Daga nan ya koma zana su. Yaƙin Duniya na Biyu ya katse masa aiki, aka ɗauke shi soja, Jamusawa suka kama shi suka tsare. Da aka gama yaƙi, gwamnatin Faransa ta karɓe Renault a 1945, aka kuma yanke shawarar fitar da wata ƙaramar mota mai araha, 4CV, da yawan da kamfanin bai taɓa gwadawa ba. Bézier, wanda a lokacin shi ne shugaban ofishin zana kayan aiki, shi ya tsara jerin injunan da suka ɗauki nauyin wannan aiki. Bulok ɗin inji zai shiga ta wannan kai, ya riƙa matsawa da kansa daga tasha zuwa tasha, nan a huda shi, can a goge, gaba a yi masa zare, har ya fita ta wancan kai a gyare. Dabararsa ita ce kowane kan inji ya zama mai zaman kansa da motarsa ta lantarki, yadda za a iya cire shi a sake jera shi don wani aikin. Nan karatun lantarkin ya yi rana. An fara ƙera 4CV a 1947, kafin a daina a 1961 ta haura miliyan ɗaya, mota ta farko a Faransa da ta kai haka.

Da a nan ya tsaya, da ya ci sunansa a tarihin Renault, mu kuwa da ba mu taɓa jin sa ba.

Wajen 1960, yana da shekara hamsin, ya juya ga matsalar bodin mota. Sassan inji ba su da wuyar bayani, miƙaƙƙen layi ne da da'ira, ka rubuta awo a takarda kowa ya gane. Amma ƙofar mota fa? Ko bonet? Lanƙwasarsu ba da'ira ba ce, ba ta da suna a littafin lissafi. A wancan zamani mai zane zai zana, a gina samfuri da yumɓu, a auno shi a koma takarda ana jan layi da siririyar sanda mai lanƙwasuwa da ake dannewa da ƙarafa masu nauyi, sannan kafintoci su sassaƙa babban samfuri na katako wanda shi ne alƙali. Daga jikinsa ake kwafo ƙarfen da zai danna farantin bodi. Kowane hannu da aikin ya bi sai ya ƙara nasa ɗan kuskuren, katako kuma yana motsi da zafi da raɓa, kamar ƙofar ɗakin hostel da ke ƙin rufuwa da damina. Watanni ake kwashewa, kuma ƙarshenta sai an bi da hannu ana gyara.

Bézier ya ce a mayar da lanƙwasar lambobi, lambobin su zama alƙali. Ga yadda abin yake a sauƙaƙe. Ka sa ɗigo huɗu a takarda. Layin zai tashi daga na farko ya sauka a na huɗu. Biyun tsakiya ba ya taɓa su, janyo shi kawai suke yi: yana barin ɗigon farko yana fuskantar na biyu, yana isa na huɗu ta wajen na uku. Ka matsar da ɗigo ɗaya, layin ya bi shi a hankali ba tare da ya karye ba. Waɗannan 'yan hannaye da kake ja a CorelDRAW ko Illustrator su ne ɗigon tsakiyan. Idan aka jera ɗigo a tsaye da kwance kamar raga, sai a sami shimfiɗa sukutum, wato ƙofar mota ta zama teburin lambobi da za a iya aika wa inji.

Abin da ya fi burge ni shi ne wanda ya yi wa wannan aiki. Masu zanen ofishinsa da masu sassaƙa samfuri ba su yi zurfi a lissafi ba, kuma bai nemi su koma makaranta ba tukun. Ya ba su abin da ido da hannu za su gane, ja nan ka ga abin da zai faru can, lissafin ya ɓuya a cikin kwamfuta. Tsarin da ya gina a kan wannan shi ne UNISURF: kwamfuta, injin zane, da injin sassaƙa da ke fitar da samfuri daga lambobin. Ya fara aiki a gwaji a 1968, da kwamfutar da ƙaramar wayar da ke aljihunka ta fi ta ƙarfi nesa ba kusa ba. Manyan kamfanin ba su yi saurin yarda ba. Shi da kansa ya ba da labarin yadda aka nuna masa cewa da abin mai yiwuwa ne, ai da Amurkawa sun riga sun yi. Zuwa 1975 dai, shekarar da ya yi ritaya, UNISURF ya zauna daram a Renault.

Yanzu ga inda labarin ya yi daɗi. Ba Bézier ne ya fara gano wannan lanƙwasa ba. A kamfanin Citroën, cikin birnin Paris ɗin dai, wani matashin masanin lissafi mai suna Paul de Casteljau ya riga shi tun 1959, kuma hanyarsa ta fi tsafta. Za ka iya gwada ta yanzu da rula da fensir. Haɗa ɗigo huɗun nan da layi uku, ka raba kowane layi biyu. Haɗa tsakiyoyin uku da layi biyu, ka sake rabawa. Haɗa biyun da suka fito, ka raba. Ɗigon ƙarshen nan a kan lanƙwasar yake daidai. Amma Citroën ta ɗauki aikin a matsayin sirrin kamfani ta kulle a durowa, sai a tsakiyar shekarun 1970 wani malamin jami'a Bajamushe, Wolfgang Boehm, ya samo rahotannin ya bayyana wa duniya. Kafin nan suna ya riga ya bi Bézier.

Dalili kuwa shi ne Renault ta bar shi ya yi magana, shi kuma bai yi rowa ba. Ya buga bayanin hanyarsa a mujallar Automatisme a 1966 da 1967. Daga 1968 zuwa 1979 ya riƙe kujerar farfesan harkar ƙere-ƙere a CNAM, makarantar da aka kafa a Paris tun 1794, wadda ta shahara da karatun yamma na mutanen da ke aiki da rana. Ka ga mutum yana gina tsari a masana'anta, kuma a shekarun nan dai yana tsaye gaban allo, ɗalibansa ma'aikata ne da za su koma bakin inji da safe. A 1970 ya fitar da littafi a kan injunan da lambobi ke sarrafawa. Robin Forrest, wani mai bincike a Ingila, yana cikin waɗanda suka fassara shi zuwa Turanci a 1972, kuma shi ne ya nuna a rubuce cewa lanƙwasar Bézier tana zaune ne a kan wani lissafi da Sergei Bernstein ya fitar tun 1912. Daga nan jami'o'i suka ɗauka. Da kamfanin Adobe ya fitar da PostScript a 1984, da wannan lanƙwasa ya zana haruffa, Illustrator ya biyo baya a 1987. Haruffan da kake karantawa a wannan shafi ma da irinta aka zana su.

Yau alaƙar masu manhajar zane da makarantun fasaha ta ɗauki wata siffa. Autodesk, masu AutoCAD, sun buɗe wa ɗalibai da malamai manhajojinsu kyauta a duniya tun 2014, masu SolidWorks da Siemens su ma suna da nasu shirin na makarantu. Alheri ne, kuma duk wanda bai yi rajista ba ya yi wa kansa. Sai dai kar mu ruɗi kanmu, ɗalibin da ya saba da manhaja ɗaya shekara huɗu, ita zai nema ran da ya zama oga mai sa hannu a takardar saye, kuma kamfanonin sun san haka sarai. Abin da suke ba mu lasisi ne da bidiyon inda za a danna. Abin da Bézier ya kai aji kuwa cikin injin ne, dalilin da ya sa layin ke lanƙwasa yadda yake yi, wanda ba ya ƙarewa ran da lasisi ya ƙare. Ni dai a ganina, in makaranta za ta zauna da irin waɗannan kamfanoni, ta roƙi injiniyansu ya zo ya yi samista guda a aji, ko da kwamfutocin da za a bayar sun ragu. Mun sha ganin ɗakin kwamfuta da aka buɗe da tafi, bayan shekara biyu sai ƙura da makulli.

Bayan ritaya bai zauna ba. A 1977, ya haura shekara 65, ya kare digirin dakta a fannin lissafi a jami'ar Paris, a kan aikin da ya riga ya yi shekaru yana gudana a masana'anta. Masu jin cewa sun tsufa da komawa PGD su ji wannan. A 1985 ƙungiyar masu zane da kwamfuta ta SIGGRAPH ta ba shi lambar yabo ta Steven Coons, Jami'ar Fasaha ta Berlin kuma ta ba shi dakta na girmamawa. Ya rasu ranar 25 ga Nuwamba, 1999, yana da shekara 89.

Daga baya masana wannan fanni suka kafa lambar yabo da sunansa. A 2012 aka ba da ita ga wani dattijo ɗan shekara tamanin da 'yan kai, tsohon ma'aikacin Citroën, Paul de Casteljau.