Henry Jackson: sanatan da ya yi renon waɗanda suka kai Amurka yaƙin Iraƙi

Duk ɗan Nijar da ke bin labarai a shekarar 2003 zai tuna yadda sunan ƙasar nan ya shiga cikin hujjojin yaƙin Iraƙi, bayan zargin cewa Saddam Hussein ya nemi sayen yuraniyom daga Yamai. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, wasu daga cikin jami'an da suka fi matsawa a yi yaƙin a hannun mutum guda suka koyi aiki, wani sanata da ya mutu shekara ashirin kafin a jefa bam na farko a Bagadaza. Sunansa Henry Martin Jackson.

An haife shi ranar 31 ga watan Mayun 1912 a Everett, garin masu yankan katako a jihar Washington, can arewa maso yammacin Amurka (ba babban birnin ƙasar ba). Iyayensa daga Norway suka yi ƙaura. Yana yaro ya yi tallar jarida gida-gida, yayarsa kuma ta laƙaba masa Scoop, sunan da ya bi shi har kabari. Ya karanta shari'a, ya zama mai gabatar da ƙara yana da shekara 26, aka zaɓe shi majalisar wakilai a 1940 ƙarƙashin jam'iyyar Democrat, sannan majalisar dattawa a 1952. Bai bar wannan kujera ba sai da mutuwa ta raba.

A harkokin cikin gida mutumin ƴan ƙwadago ne. Ya goyi bayan dokar haƙƙin baƙaƙen fata ta 1964, kuma shi ne jigon babbar dokar kare muhalli ta 1969. Sai dai tarihinsa na da tabon da masoyansa ba su cika son ambato ba: a lokacin yaƙin duniya na biyu ya mara wa tsare Amurkawa ƴan asalin Japan baya, mutane kimanin 120,000 da aka kwashe zuwa sansanoni ba tare da shari'a ba.

A 1945 ya ziyarci sansanin Buchenwald a Jamus jim kaɗan bayan an ƙwace shi daga hannun ƴan Nazi. Abin da ya gani a can ya ƙara masa yaƙinin cewa gwamnatin da ke zaluntar mutanenta ba a yi mata sassauci, ƙarfi kawai take ji. Da wannan ma'auni ya auna Tarayyar Sobiyet, daga nan kuma goyon bayansa ga Isra'ila ya samo tushe. Ya nemi a ƙara kuɗin soji kusan a kowane lokaci, har abokan hamayya suka riƙa kiransa sanatan Boeing, saboda kamfanin ƙera jiragen a jiharsa yake. Ya tsaya kan yaƙin Vietnam ko bayan da akasarin jam'iyyarsa ta juya masa baya.

Shekarar 1969 ce ta haɗa shi da matasan da za su gaje shi. Ana muhawara a majalisa kan shirin kakkaɓo makamai masu linzami, sai wani masanin dabarun nukiliya, Albert Wohlstetter, ya turo ɗalibai biyu su haɗa wa masu goyon bayan shirin hujjoji: Richard Perle da Paul Wolfowitz. Shirin ya tsira da ƙyar, bayan an yi kunnen doki 50 da 50. Perle ya zauna a ofishin Jackson shekara goma sha ɗaya. Daga baya Elliott Abrams da Douglas Feith su ma suka bi ta nan.

Aikin da ya fi fito da sunansa ya shafi ƴancin barin ƙasa. A 1972 Moscow ta ɗora wa masu ilimi da ke son ƙaura, galibinsu Yahudawa, haraji mai nauyi da sunan biyan kuɗin karatun da aka ba su. Jackson da ɗan majalisa Charles Vanik suka kawo gyaran dokar da ta hana sassaucin ciniki ga ƙasar gurguzu da ke tauye ƙaura, majalisa ta amince a 1974. Henry Kissinger, wanda ke ƙoƙarin sassauta gaba da Moscow, bai ji daɗi ba. Sakamakon farko ma akasi ne: Sobiyet ta soke yarjejeniyar cinikin, yawan Yahudawan da aka bari su fita ya faɗo daga kusan 35,000 a 1973 zuwa kimanin 13,000 a 1975. Duk da haka ƴan gwagwarmaya irin su Andrei Sakharov sun goyi bayan dokar, kuma ba a ɗage ta a kan Rasha ba sai 2012.

Sau biyu ya nemi takarar shugaban ƙasa, 1972 da 1976, bai samu ba. Jam'iyyar ta riga ta gaji da yaƙi. Magoya bayansa, waɗanda aka fara kira neokon, wato sabbin masu ra'ayin riƙau, suka tsallaka wajen Ronald Reagan na Republican, inda Perle ya samu babban muƙami a ma'aikatar tsaro, Abrams kuma a ta harkokin waje. Shi Jackson bai sauya sheƙa ba. Ranar 1 ga Satumban 1983 ya yi taron manema labarai yana tir da harbo jirgin fasinjan Koriya ta Kudu da Sobiyet ta yi, wanda ya kashe mutum 269. A daren nan jijiyar zuciyarsa ta fashe a Everett, ya mutu yana da shekara 71.

Ba adalci ba ne a ɗora masa duk abin da ya biyo baya. Shi da ƙasa mai dubban makaman nukiliya ya yi ja-in-ja, kuma makamansa kasafin soji ne da takunkumin ciniki. Almajiransa ne suka faɗaɗa darasin zuwa kifar da gwamnati da ƙarfin soji. A Janairun 1998 Perle da Wolfowitz da Abrams na cikin waɗanda suka rubuta wa Bill Clinton wasiƙar neman a kawar da Saddam. Da George W. Bush ya hau mulki a 2001, Wolfowitz ya zama mataimakin ministan tsaro, Feith mai kula da tsare-tsare a Pentagon, Perle kuma shugaban kwamitin masu ba ministan shawara.

A cikin tulin hujjojin da gwamnatin ta tara ne batun Nijar ya faɗo. Hukumar CIA ta aiko tsohon jakada Joseph Wilson Yamai a Fabrairun 2002, ya koma ya ce bai ga alamar cinikin ba, amma Bush ya ambaci yuraniyom na Afirka a jawabinsa na 28 ga Janairun 2003. Ranar 7 ga Maris shugaban hukumar nukiliya ta duniya, Mohamed ElBaradei, ya shaida wa Kwamitin Sulhu cewa takardun na jabu ne. Ɗaya na ɗauke da sa hannun ministan harkokin wajen Nijar da ya bar kujerar tun 1989. Kwana goma sha uku bayan haka aka fara ruwan bama-bamai a Bagadaza.