Rowland Bingham: Bawan da Ubangiji Ya Mai da Gida Har Sau Biyu

Da yawa daga cikinmu mun san sunan Bingham ta jami'ar da ke Karu a Jihar Nasarawa, amma ba mu cika sanin yadda mai sunan ya fara ba. Ya fara ne da faɗuwa.

An haifi Rowland Bingham a Ingila a shekarar 1872. Mahaifinsa ya rasu yana yaro, ya karɓi Yesu yana saurayi ta wurin wa'azin ƙungiyar Salvation Army, sa'an nan ya ƙaura zuwa Kanada. A Toronto ya sadu da wata tsohuwa mai bi, Margaret Gowans, wadda ta zaunar da shi ta faɗa masa nauyin da ke zuciyar ɗanta Walter: miliyoyin mutanen ƙasar Sudan da ba su ji bishara ba. Sudan a bakin mutanen wancan zamani na nufin faɗin ƙasashen da ke kudu da Sahara, har da ƙasarmu ta Arewa.

Babu ƙungiyar mishan da ta yarda ta aike su. Duk da haka, ranar 4 ga Disamba 1893 samari uku suka sauka a Legas: Walter Gowans, Thomas Kent da Bingham, wanda bai cika shekara 21 ba. Wani babban ɗan mishan a can ya gargaɗe su cewa ba za su ga Sudan ba, 'ya'yansu ma ba za su gani ba, sai dai ko jikokinsu. Zazzaɓi ya kwantar da Bingham, aka bar shi a Legas yana aika wa abokansa kaya. Gowans ya rasu a Girku, cikin Jihar Kaduna ta yau, a Nuwamba 1894. Kent ya bi shi a Bida a watan da ya biyo baya. A 1895 Bingham ya koma gida shi kaɗai, babu tasha, babu ko mutum ɗaya da ya tuba, sai kaburbura biyu.

Da ya je ya ga mahaifiyar Gowans, ta nuna masa cewa ta fi son ɗanta ya mutu can shi kaɗai cikin biyayya da ya zauna gida yana ƙin umarnin Ubangijinsa. Mu iyaye da muke addu'a Allah ya yi amfani da 'ya'yanmu, amma mu riƙe su gam ranar da kira ya zo, ya kamata mu tsaya a kan wannan.

Bangaskiyar Bingham ta girgiza ƙwarai, shi kansa bai ɓoye ba. Ya koma ga Littafi Mai Tsarki, ya ƙara karatu, ya yi fastanci a Amurka, ya auri Helen Blair a 1898. A 1900 ya sāke komawa Legas. Zazzaɓin cizon sauro ya sāke kayar da shi cikin 'yan makonni, aka mai da shi gida, abokan tafiyarsa biyu kuma suka karaya suka biyo shi.

A ganinmu, nan ne ainihin gwajin almajirancinsa, fiye da ranar da ya shiga jirgi. Ya riga ya miƙa ransa, a shirye yake ya mutu a Afirka. Abin da Ubangiji ya nema a gare shi dabam ne: ya zauna a baya, ya sha kunyar wanda ya kāsa sau biyu, ya aiki waɗansu su shiga inda shi ya yi marmarin shiga. Sau da yawa muna cewa mun miƙa kai, alhali mun riga mun tsara wa Allah irin hidimar da za mu yi da wurin da za mu yi ta. Idan majalisar ikilisiya ta tura mu ƙauye maimakon birni, sai fuska ta canja. Ku tuna da Dawuda a 1 Tarihi 22: an hana shi gina Haikali, bai yi fushi ba, ya tara wa Sulemanu duwatsu da katako da zinariya.

Haka Bingham ya yi. Ya tara ƙungiya ta uku, shi kuwa ya tsaya. Su ne suka kafa tasha a Patigi, bakin kogin Kwara, a 1902. Shekara arba'in bayan haka aikinsa shi ne neman ma'aikata, neman kuɗi, rubutu a mujalla, da kula da gidan 'ya'yan 'yan mishan a Kanada wanda aka sa wa sunan Gowans. Daga baya ya riƙa zuwa Nijeriya ziyara, ya ga ikilisiyoyi a ƙasar da aka ce ba zai gani ba, har mishan ɗin SIM ya kai Nijar da Habasha.

Ya rasu a Disamba 1942, saura shekara ɗaya a cika hamsin da saukarsu Legas. Ikilisiyoyin da aikin ya haifa suka haɗu suka zama ECWA a 1954, shekara goma sha biyu bayan an binne shi.