David Huffman

David Albert Huffman (9 ga Agusta, 1925 – 7 ga Oktoba, 1999) masanin kimiyyar kwamfuta ne ɗan ƙasar Amurka. An fi saninsa da dabarar matse bayanai da ke ɗauke da sunansa, wadda ake rage nauyin hotuna da bidiyo da ita.

Farkon rayuwa da karatu

An haife shi a jihar Ohio. Ya kammala digirin farko a fannin injiniyan lantarki a Jami'ar Jihar Ohio a 1944, sannan ya yi shekara biyu a rundunar sojan ruwa. Ya sami digirin digirgir a jami'ar MIT a 1953.

Dabarar Huffman

A 1951 malaminsu Robert Fano ya ba ɗalibai zaɓi, ko su zauna jarrabawa, ko su nemo hanya mafi tsimi ta rubuta saƙo da 0 da 1. Huffman ya zaɓi na biyu, bai san cewa malamin kansa da Claude Shannon sun gwada ba su kai ga mafi kyau ba. Ya shafe watanni yana fama, har ya kusa haƙura, sai mafita ta faɗo masa.

Manufar ita ce alamar da ta fi yawan fitowa ta sami gajeriyar lamba, wadda ba ta cika fitowa ba ta sami doguwa. A rubutun Hausa, alal misali, harafin a zai sami gajeriya, ƙ kuma doguwa. Fano yana raba alamomin ne daga sama zuwa ƙasa. Huffman kuwa ya faro daga ƙasa, yana haɗa biyun da suka fi ƙaranci, yana maimaitawa har su dunƙule. An buga aikin a 1952.

A tsarin JPEG ana yanka hoto gida-gida, kowane gida ɗigo 8 a tsaye 8 a kwance, a zubar da abin da ido ba ya lura da shi, sannan a matse ragowar da dabararsa. Tsarin bidiyo na MPEG ma ya ɗauki wannan salo. Huffman bai taɓa yi wa dabarar rajistar mallaka ba.

Koyarwa da rasuwa

Ya koyar a MIT har 1967, sannan ya koma Jami'ar California da ke Santa Cruz, inda yana cikin waɗanda suka kafa sashen kimiyyar kwamfuta. Ya kuma yi fice a lissafin naɗe takarda, musamman naɗi mai lanƙwasa. Ya yi ritaya a 1994, ya rasu sakamakon cutar daji yana da shekara 74.