MAZAN JIYA: MALAM SA'ADU ZUNGUR, MALAMI MAI NEMAN 'YANCI (1915-1958)



A wannan fitowa filin mazan jiya zai tsallaka iyaka, ya wuce Ƙonni da Sakkwato, har ya kai Bauci ta Nijeriya. Mutumin da za mu ba ku labarinshi bai yi sarauta ba, bai tara dukiya ba, kuma Allah bai nuna mishi ranar da anka sauke tutar Nasara ba. Amma duk wanda ya san yadda anka nemi 'yanci a ƙasar Hausa ya san sunan Malam Sa'adu Zungur. Mun zaɓe shi ne saboda wata gardama da har yanzu ba ta mutu ba a zaurukanmu, watau ko yaro zai iya haɗa allo da lakwal ba tare da ɗaya ya cinye ɗaya ba. Rayuwar wannan malami tana da amsa.

ASALINSHI DA KARATUNSHI

Cikakken sunanshi Ahmad Mahmud Sa'adu. An haife shi a Bauci a shekarar 1915, cikin gidan malamai da limamai. Bauci kuwa, in ba ku manta ba, Malam Yakubu ne ya kafa ta, almajirin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo wanda ya karɓi tuta daga hannunshi. Shi kuma Shehu a nan kusa da mu anka haife shi, a Maratta wajen Galmi, a 1754. Kenan ilimin da Sa'adu ya gada a gidansu, tushenshi bai yi nisa da ƙofarmu ba.

Tun yana ƙarami ya fara da allo, daga nan ya shiga karatun zaure, fikihu da nahawu da lugga, a gaban iyayenshi. A wancan zamani gidajen malamai da yawa ɓoye 'ya'yansu suke yi in an zo neman yaran boko, kamar yadda kakanninmu sunka riƙa yi in kumandan ya aiko a ba da yaran lakwal. Shi Sa'adu an sa shi. Ya yi makarantar lardi ta Bauci, sannan ya wuce Kwalejin Katsina, wadda ita ce babbar makarantar Arewa a lokacin, inda su Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa sunka yi karatu. A 1934 ya tafi Babbar Kwalejin Yaba a Ikko. Shi ne ɗan Arewa na farko da ya shiga wannan makaranta.

Bai zauna Yaba har ƙarshen karatun ba, amma abin da ya gani a Ikko ya zauna mishi. Can ya ga baƙar fata suna buga jaridu na kansu, suna kafa ƙungiyoyi, suna sukar Gwamna da sunanshi, kuma sama ba ta faɗo ba. Ya komo Arewa ya shiga makarantar koyon aikin tsabta ta Kano, ya zama mai koyarwa a cikinta, daga baya anka mai da shi Zariya inda ya koyar a makarantar haɗa magunguna.

HALIN DA YA TARAR

Don a gane abin da ya yi yaƙi da shi, sai an san yadda Ingilishi sunka yi mulki. Mu a nan kumandan muka sani, shi da gardinshi, da lanho, da aikin tilas wanda sai a 1946 anka soke shi. Su Ingilishi wata dabara sunka yi: sun bar sarakuna bisa gadonsu, sunka tsaya bayan labule. Razdan da Di'o su ba da umurni, sarki da hakimi da dagaci su zartar. Haraji da jangali, kotun alƙali, gidan yari, 'yan doka, duk suna hannun En'e, watau hukumar sarki. In talaka ya kai kuka wajen Bature sai a ce ya koma wajen sarkinshi, in ya je wajen sarki sai a ce umurnin Bature ne. Kowa ya sami wanda zai laɓe bayanshi, sai talaka kaɗai.

A Zariya Malam Sa'adu ya tarar da 'yan boko masu ido buɗe, irin su Malam Abubakar Imam na jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a 1939. Ya sa hannu wajen kafa ƙungiyar tattaunawa, inda ma'aikata ke haɗuwa bayan an tashi aiki suna muhawara kan halin ƙasa. Cikin wannan zamani ne ya shaƙu da wani saurayi ɗan gidan malamai na Kano, Malam Aminu, wanda ya ɗauke shi uban tafiya har ƙarshen rayuwa.

TARON BAUCI

Ciwon huhu ya kama shi tun yana da sauran ƙuruciya, ya tilasta mishi barin aiki ya koma gida. Ciwon nan bai rabu da shi ba har ya bar duniya. Sai dai komawar tashi ta zo daidai da zuwan Malam Aminu Kano Bauci a 1942, a matsayin malamin makarantar Midil, inda Abubakar Tafawa Ɓalewa shi ma ke koyarwa.

A 1943 anka kafa taron tattaunawa na Bauci, da yardar Turawan mulki, a zamanin Sarki Yakubu na Uku. Su Turawan sun zaci wuri ne da 'yan boko za su riƙa sakin numfashi ba tare da wata ɓarna ba. Malam Sa'adu da Malam Aminu sunka mai da shi wurin tambaya. Anka kai ga muhawara kan shi kanshi mulkin bayan labule, da yadda En'e ke tafiyar da al'amuran jama'a, a gaban manyan gari da Turawa. Ba a daɗe ba hukuma ta rufe taron. Maimakon su watse, sai sunka kafa ƙungiya tasu ta neman ci-gaban Bauci, wadda ake lissafawa cikin ƙungiyoyin siyasa na farko a Arewacin Nijeriya.

Abin da ya sa maganarshi ta fi ta sauran 'yan boko nauyi shi ne wannan: in ɗan boko ya soki fada, da sauƙi a ce yaron Nasara ne, ya bar addini. Malam Sa'adu kuwa ba a iya ce mishi haka. Da Alƙur'ani da hadisi da littattafan Shehu Usmanu da na ƙanenshi Abdullahi yake kafa hujja. Yana nuna cewa jihadin 1804 an yi shi ne don a kawar da zalunci, da cin hanci a wurin shari'a, da ɗora ma talaka abin da shari'a ba ta ɗora mishi ba. Saboda haka jikan mai jihadi da ya koma ga waɗannan halaye ya saki hanyar kakanshi, ko da rawaninshi ya kai na kowa girma. Malaman fada sun san littattafan da yake nufi, don su ma sun karanta su.

WAƘOƘINSHI

Da yake yawancin jama'a ba su karanta jarida, sai ya bi hanyar da malaman ƙasar Hausa sunka saba bi tun zamanin Shehu da Nana Asma'u, watau rubutacciyar waƙa. Ya yi Waƙar Bidi'a, inda ya yi faɗa da al'adun da anka cusa cikin addini. Ya yi Maraba da Soja, don tarbar sojan Nijeriya da sunka komo daga yaƙin duniya na biyu, waɗanda sunka kai har Bama. Tsofaffin sojanmu da sunka yi ma Faransa yaƙi sun san abin da ke cikin zuciyar wanda ya je ya kare 'yancin wasu, ya komo gida ya tarar shi kanshi ba shi da shi.

IKKO DA KOMOWA

A 1944 anka kafa jam'iyyar NCNC a Ikko, don neman mulkin kai. Malam Sa'adu yana aika rubutu ga jaridar Dokta Azikiwe mai suna West African Pilot, kuma a 1948 ya zama babban sakataren jam'iyyar na ƙasa duka. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a lokacin da manyan Arewa da yawa ke ganin ko zancen 'yanci bai kamata a yi ba tukuna. A 1949 kuma, da anka yi taron Jam'iyyar Mutanen Arewa a Kaduna, shi anka naɗa mai ba da shawara kan shari'ar Musulunci.

Zaman Ikko ya koya mishi wani darasi mai ɗaci. Ya ga cewa da yawa cikin 'yan siyasar Kudu ba su san Arewa ba, kuma ba su ɗauki addininta da al'adunta da daraja ba. Ya kuma ga nisan da Kudu ta yi ma Arewa wajen makarantu. Sai ya gane cewa in Bature ya tafi alhali mutanenka ba su da ilimi, to wani ne zai hau kujerar da ya bari. Daga wannan tunani ne waƙarshi mafi shahara ta fito, Arewa Jumhuriya ko Mulukiya. A cikinta ya gargaɗi sarakuna da abin da ya sami sarakunan Indiya bayan 'yancin 1947, ya nuna musu cewa in suna son sarauta ta ɗore sai su gyara, su yi adalci, su buɗe makarantu, su saurari jama'a. Wasu abokanshi sun ga kamar ya sassauta ma fada, 'yan fada kuma sun ga ya yi musu rashin kunya. Mai faɗin gaskiya ga ɓangare biyu ba ya rasa maƙiya ta ko'ina.

SAWABA

Ranar 8 ga Agusta 1950 wasu samari sunka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, wadda da Hausa ake kira Jam'iyyar Neman Sawaba. Malam Aminu Kano ya zama shugabanta a 1953. Ita kuwa Jam'iyyar Mutanen Arewa ta zama NPC, ta sarakuna da manyan En'e, a ƙarƙashin Sardaunan Sakkwato. Da Malam Sa'adu ya komo Bauci, wajen NEPU ya karkata. Jikinshi bai bari ya yi yawon ƙauyuka kamar sauran ba, amma gidanshi ya zama makaranta. Nan 'yan jam'iyya ke zuwa neman hujja da shawara, a zamanin da ɗan NEPU ke shan bulala da ɗauri a kotun alƙali don kawai ya yi taro.

Kalmar Sawaba ba baƙuwa ba ce ga dattawanmu. Ita ce sunan jam'iyyar Djibo Bakary, wanda shi ma mushen lakwal ne, har ya koyar a Birnin Ƙonni. Su ne masu raƙumi da sunka ce a jefa a'a a ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958, don a sami 'yanci nan take. I ta yi rinjaye, anka haramta jam'iyyar a 1959. Ba mu kawo wannan don tayar da tsohon miki ba, gidaje da yawa a Adar suna da 'yan raƙumi da 'yan giwa cikin zuri'a ɗaya. Mun kawo shi ne don a ga cewa iyakar da Faransa da Ingila sunka shata ba ta hana talakan nan da na can kiran buƙatarsu da suna ɗaya ba.

RASUWARSHI

Malam Sa'adu ya rasu a Bauci a farkon 1958, bai kai shekara arba'in da biyar ba. Arewacin Nijeriya ya sami mulkin kai a watan Maris 1959. Nijar ta sami 'yanci ranar 3 ga Agusta 1960, Nijeriya kuma ranar 1 ga Oktoba 1960, da abokin muhawararshi na Bauci, Abubakar Tafawa Ɓalewa, a matsayin Firayim Minista. Ya yi shuka, wasu sunka yi girbi.

Ba a manta da shi ba. Malam Aminu Kano ya rubuta tarihin rayuwarshi da Hausa, Ɗandatti Abdulƙadir ya tattara waƙoƙinshi a 1974, kuma jami'ar jihar Bauci da ke Gaɗau tana ɗauke da sunanshi.

ABIN LURA

To jama'a, ga abin da ya kamata mu ɗauka. Da Sa'adu allo kaɗai ya yi, da bai san dokar Bature ba balle ya ƙalubalance ta. Da boko kaɗai ya yi, da malaman fada sun rufe mishi baki da kalma ɗaya. Haɗa biyun ne ya ba shi ƙarfi. Uban da ke cire yaro daga lakwal da sunan kare addininshi, da wanda ke raina makarantar allo da sunan wayewa, kowannensu ya duba wannan.

Na biyu, ga malamanmu da limamanmu, Allah shi ƙara musu daraja: ilimi amana ne, kuma talaka na da hakki cikinshi. Na uku, ga samarinmu: mutumin nan ya yi yawancin aikinshi yana fama da ciwo, ba mota, ba albashi mai kauri. Sauke tuta an yi shi tun 1960, amma adalci da ilimin da ya nema ma talaka aiki ne da kowane zamani ke ɗauka daga inda na baya ya aje.

A karanta ma waɗanda ba su iya karatu ba, kuma in an gama a miƙa takardar ga maƙwabci. Allah shi jiƙan Malam Sa'adu Zungur, shi jiƙan magabatanmu baki ɗaya, shi ba mu damina mai albarka da zaman lafiya. Amin.

Wassalam.