Dorugu, Yaron Damagaram da Ya Je Ingila

In an tashi daga Birniwa aka nufi arewa maso yamma, aka ƙetare iyaka, sai a shiga ƙasar Damagaram, wadda ke cikin Jamhuriyar Nijar. A can akwai wani ƙauye da ake kira Dambanas, kusa da Kance. Nan aka haifi Dorugu wajen shekarar 1840. Ubansa manomi ne, kuma makaɗi. Yaron ya tashi kamar sauran yaran ƙauye, yana bin uban gona, yana wasa da 'yan'uwansa a dandali.

Amma zamanin nan ba na kwanciyar rai ba ne. Yaƙi da harin bayi sun dami ƙasa. Mutum ya kan fita gona da safe, kafin azahar yana ɗaure. Aka fara kama uwar Dorugu, ba su sāke ganinta ba. Bayan wannan, yana ɗan shekara goma sha ɗaya ko sha biyu, shi ma aka kama shi, aka raba shi da ubansa. Aka kai shi Damagaram, daga nan aka wuce da shi Kukawa, babban birnin Barno a lokacin, inda ya faɗa hannun wani Balarabe. Ga shi yaro ƙarami, ba uwa, ba uba, a garin da ake magana da harshen da ba nasa ba.

A cikin shekarar 1851 waɗansu Turawa masu yawon ganin ƙasa suna zaune a Kukawa. Ɗayansu Bajamushe ne, sunansa Adolf Overweg, mutanen gari kuwa suna kiransa Tabib, watau mai magani. Shi ya fanshi Dorugu, ya 'yanta shi, tare da wani yaro Bamargi mai suna Abbega. Yaran biyu suka zauna wurinsa suna yi masa aiki. Ba a daɗe ba zazzaɓi ya kama Tabib, ya mutu a bakin tafkin Cadi a 1852. Sai abokin tafiyarsa Heinrich Barth, wanda aka sani da sunan Abdulkarim, ya ɗauke su.

Da Abdulkarim aka yi doguwar tafiya. Suka bi ta Damagaram da Katsina da Wurno da Sakkwato da Gwandu, suka haye Kwara a Sayi, suka isa Tambutu cikin watan Satumba na 1853. Da suka juyo suka sauka Kano, sa'an nan suka bi ta Gumel, suka ratsa ƙasar da ke arewa da kogin Haɗejiya, a zamanin Sarkin Haɗejiya Buhari, har suka koma Kukawa a ƙarshen 1854. A shekara mai bi suka keta hamada bisa raƙuma zuwa Tarabulus, suka shiga jirgin ruwa, suka bi ta Malta da Faransa, suka sauka London cikin Satumba na 1855.

A nan al'amari ya juye. A Barno da Hausa, Abdulkarim ne abin kallo. Duk garin da ya sauka sai yara su taru suna duban farar fatarsa da gashinsa. Da aka je Turai sai Dorugu da Abbega suka zama abin kallo, balle da Abdulkarim ya kai su Hamburg, garinsu, inda mutane da yawa ba su saba ganin baƙar fata ba. Wani yaron da sai ya sunkuyar da kai, ya ƙi fita. Dorugu kuwa, da suna kallonsa, shi ma kallonsu yake yi. Ya lura da yadda suke zama bisa tebur su ci abinci da cokali da wuƙa, da irin tufafin matansu, da tsananin sanyin ƙasarsu. Bai ɗauki al'adunsu abin tsoro ba. Abin da ya ga yana da kyau ya yaba, abin da ya ga na ban dariya ne ya yi dariyarsa, kamar dai yadda baƙo ya kan yi a kowace ƙasa.

A lokacin an riga an hana cinikin bayi a ƙasashen da ke ƙarƙashin Ingila, amma raini bai fita daga zukatan mutane da yawa ba. Akwai masu cewa baƙin mutum ba shi da kaifin hankalin da zai yi ilmi mai zurfi, harsunan Afirka kuma ba su da wata ƙa'ida. Waɗanda ke faɗin haka, yawancinsu ba su taɓa zama da Bahaushe ko Babarbare sun ji maganarsa ba.

Akwai wani malamin mishan, James Frederick Schön, wanda ya daɗe yana ƙoƙarin koyon Hausa. Da ya ji labarin yaran sai ya neme su. An riga an shirya mayar da su gida, amma ya rinjaye su suka zauna, abin da ya ɓata wa Abdulkarim rai ƙwarai. Aka yi musu baftisma, aka sa wa Dorugu suna James Henry. Abbega ya koma a 1857, daga baya har ya yi sarauta a Lokoja. Dorugu kuwa ya zauna gidan Schön a Chatham wajen shekara takwas.

Aikin da suka yi ba ƙarami ba ne. Dorugu ya koyi karatu da rubutu. Ya kan zauna yana faɗi da Hausa, Schön yana rubutawa: kalmomi, da tatsuniyoyi, da labarin rayuwarsa tun daga Dambanas har London. Da taimakonsa Schön ya fitar da littafin nahawun Hausa a 1862, da ƙamus a 1876, da littafin Magana Hausa a 1885, wanda a cikinsa labarin Dorugu yake. Saboda wannan aiki aka ba Schön wata babbar lambar yabo a Faransa a 1877. Sunan da ke bayan littattafan duka na Schön ne. Hausar da ke cikinsu kuwa, yawancinta daga bakin yaron nan ta fito. Waɗansu ma suka riƙa kushe ta, wai ba Hausa mai kyau ba ce. Sai daga baya masana suka duba da kyau, suka ga ai Hausar Damagaram ce, wadda ya sha a nono, bai kuwa manta da ita ba duk da nisan gida.

A 1864 Dorugu ya dawo Afirka. Dawowar ma ba ta rasa wuya ba. A Ingila baƙo ne saboda launin fatarsa, a nan kuwa ga shi da addini dabam, da harshen Turawa a bakinsa, ga dangi sun watse. Ya yi shekaru yana tafinta ga Turawan da ke aiki a bakin Kwara da Binuwai. Da tsufa ya zo masa sai ya zauna Kano. A 1909 Hanns Vischer, wanda Kanawa ke kira Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko a Nasarawa, Dorugu yana cikin malamanta na farko, yana koya wa ɗalibai rubuta Hausa da baƙaƙen boko, irin waɗanda ke cikin wannan littafi.

Ya rasu a Kano a 1912. Da aka buɗe kayansa sai aka tarar da tarin tabarau, da gwangwanayen biskit waɗanda bai taɓa buɗewa ba. A 1971 masana biyu, Anthony Kirk-Greene da Paul Newman, suka juya labarinsa zuwa Turanci, suka sāke buga shi, wannan karo da sunan Dorugu a matsayin mai labarin.