Rowland Bingham: Mai wa'azin da zazzaɓi ya kora daga Najeriya har sau biyu

Duk wanda ya san Jos ya san asibitin Jankwano, wanda yanzu ake kira Asibitin Koyarwa na Jami'ar Bingham. Sai dai ba kowa ya san cewa mai wannan suna ya kusa rasa imaninsa a dalilin ƙasar nan ba.

An haifi Rowland Bingham a Ingila a 1872, ya koma Kanada yana matashi. A Toronto ya haɗu da wata dattijuwa, Margaret Gowans, wadda ɗanta Walter ya ƙudura kai bisharar Kirista Sudan, sunan da Turawan lokacin ke kiran yankin da ya haɗa da ƙasar Hausa. A Disambar 1893 su uku suka sauka Legas: Bingham, Walter Gowans da wani Ba'amurke, Thomas Kent. Ba babbar ƙungiya a bayansu, ba kuɗin kirki a aljihu. Wani shugaban mishan a Legas ya gaya musu ƙarara cewa ba za su ga Sudan ba, 'ya'yansu ma haka, sai dai ko jikoki.

Zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da Bingham, ya tsaya a Legas, sauran biyun suka nausa arewa. Kafin 1894 ta ƙare duk sun rasu, Gowans a Girku ta wajen Zariya, Kent a Bida.

A nan ne labarin ya yi nauyi. Bingham ya fito ne da yaƙinin cewa Littafi Mai Tsarki ya yi alkawarin warkar da duk mai bangaskiya, ga shi kuma mutum biyu da yake ganin sun fi kowa riƙon addini suna kwance a kabari. Shi da kansa ya rubuta daga baya cewa imaninsa ya girgiza har tushe, ya yi watanni yana tambayar kansa ko alkawarin ne ba gaskiya ba, ko littafin ma maganar mutane ce kawai. Da ya je yi wa mahaifiyar Walter ta'aziyya, ita ce ta nuna masa ta gwammace ɗanta ya mutu shi kaɗai a can da ya zauna gida yana saɓa wa Ubangijinsa.

Ya sake zuwa a 1900, zazzaɓi ya sake mayar da shi gida cikin 'yan makonni. Sai a yunƙuri na uku aka kafa tasha a Patigi, bakin Kwara, a 1902.

Amsar da ya cim ma ita ce ta sauya komai: ba Allah ne ya saɓa alkawari ba, shi ne ya yi wa ayoyin gurguwar fahimta. A littafin da ya wallafa a 1921 ya ƙi koyarwar da ke cewa dole kowane mai bi ya warke, ya kuma kare shan magani. Bahaushe zai ce wannan ai tsohon zance ne, tawakkali ba ya hana ɗaure raƙumi, amma shi sai da ya rasa abokai biyu kafin ya iso wurin.

Ƙungiyarsa, SIM, ta rungumi aikin asibiti. Dokta Andrew Stirrett ya matsa wa ma'aikata su riƙa shan kwinin kullum. A ƙarshen shekarun 1930 kuma, aikin jinyar kutare ne ya shigar da su masarautun da aka daɗe ana hana 'yan mishan zama: Yadakunya a Kano, Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa kusa da Sakkwato.

Bingham ya rasu a Disambar 1942. Cocin ECWA da ya tsiro daga aikin nasa an kafa shi a 1954, shekara 12 bayan rasuwarsa.